Yadda Ake Zuwa Madinar Gana, Daga Shirin Tafiya Har Hawan Dutsen Aburi

Madinar da nake nufi ita ce ta ƙasar Gana, wadda ke arewa maso gabas da birnin Akra, a kan hanyar da ta wuce Jami'ar Gana ta Legon ta nufi duwatsun Akuapem. A 1959 aka kafa ta, lokacin da wasu mutane ƙarƙashin jagorancin Alhaji Seidu Kardo suka tashi daga wajen Shiashie, kusa da filin jirgin sama, suka sami fili a ƙasar masarautar La. Yau gari ne cike da jama'a, da kasuwarsa da tashoshinsa da majalisar mulkinsa, wadda aka ware masa a 2012. Duk Bahaushen da zai je Akra karo na farko, ko ciniki ya kai shi, ko karatu, ko zumunci, ko buɗe ido kawai, a ganina nan ya fi dacewa ya sauka. Zai ji Hausa a kan titi, zai ji kiran salla, zai ci abincin da hankalinsa ya kwanta da shi, kuma kuɗin masauki bai kai na Osu ko East Legon ba.

Mataki na farko: nemi mai masauki kafin ka nemi tikiti

Wannan shi ne tushen tafiyar, shi ya sa na sa shi gaba da fasfo. Kakanninmu fataken Gwanja, masu kai kanwa da tufafi da fatu Salaga su komo da goro, ba sa shiga gari haka kawai. Kowane ayari yana da maigidan da yake sauka a wurinsa. Shi ke ba su ɗaki, shi ke ajiye musu kaya, shi ke haɗa su da dillali, idan rigima ta tashi kuma shi ke tsaya musu gaban sarki. Daga wannan al'ada aka sami unguwannin da mutanen Gana ke kira Zongo, wato zangon nan namu. Motoci sun maye gurbin jakuna, amma tsarin yana nan da ransa.

Saboda haka ka bincika cikin dangi da abokan ciniki da malamanka. Da wuya a rasa wanda ya san wani a Madina, ko Nima, ko Mamobi, ko Sabon Zongo. Ka karɓi lamba, ka kira da kanka, ka yi gaisuwa mai kyau, ka faɗi ɗan wane ne kai da abin da ke kawo ka da kwanakin da za ka yi. Ba dole ne ka kwana a gidansa ba. Gidajen Zongo suna da cunkoso, kuma ɗora wa mutum nauyin kwana goma ba adalci ba ne. Abin da kake buƙata daga gare shi shi ne ya nuna maka masaukin baƙi mai mutunci, ya san inda kake kwana, ya zama akwai wanda zai tambayi labarinka idan an kwana biyu ba a ji ɗuriyarka ba. Baƙon da ke da mai masauki a Madina ɗan gida ne tun ranar farko. Wanda ba shi da kowa zai biya kowane abu da tsada, har da tambayar hanya.

Ka riƙo masa tsaraba. Kilishi, turaren wuta, hula zanna, yadin shadda, duk suna da daraja a can.

Mataki na biyu: takardu

Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza, domin Gana tana cikin ƙungiyar ECOWAS, kuma ana ba shi izinin zama har kwana 90. Abin da zai riƙe shi ne fasfo mai sauran wa'adi, da katin rigakafin cutar shawara, wannan mai ruwan ɗorawa. Ana son a yi allurar aƙalla kwana 10 kafin tafiya, don haka kada a bar ta sai jajibiri. Ɗan Nijar kuwa, tunda ƙasarsa ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, ya leƙa ofishin jakadancin Gana a Yamai ya ji ƙa'idar da ake bi a lokacin tafiyarsa.

A kowace iyaka ka tabbata an buga maka hatimin fita da na shiga, ka duba da idonka kafin ka mayar da fasfo aljihu. Za ka haɗu da masu cewa za su tsallakar da kai ta bayan fage a kan babur, cikin sauƙi da arha. Kada ka yarda. Ranar komowa ce za ka gane tsadar wannan arhar. Ka ɗauki hoton fasfon da waya, ka kuma yi kwafi ɗaya a takarda ka ajiye a wata jaka daban.

Mataki na uku: zaɓen lokaci

Mutumin Kano ko Zinder ya san zafi, amma zafin bakin teku wani iri ne. Ma'auni ba ya cika wuce 32 ko 33, sai dai iskar jiƙe take. Gumi ba ya bushewa, riga tana manne wa jiki tun hantsi, wanki kuma yana iya kwana a igiya bai bushe ba. Damina biyu ce: babba daga Afrilu zuwa Yuli, wadda ta fi ƙarfi a Yuni, sai ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Ruwan Yuni ba abin wasa ba ne a Akra. A daren 3 ga Yunin 2015 ambaliya da gobarar gidan mai a dandalin Kwame Nkrumah sun hallaka mutum sama da 150. Idan ruwa ya tsuge kana waje, ka fake a tudu, kada ka tsallaka kwata ko da ka ga ruwan bai kai gwiwa ba.

Ni dai Agusta na fi so. Ruwa ya ɗauke, gari ya yi sanyi, hadari ya rufe rana. Disamba da Janairu ma ba laifi, hunturunsu mai sauƙi ne, amma lokacin Kirsimeti ne masauki ke tsada saboda 'yan ƙasar mazauna waje da ke dawowa gida. Wanda ke son ganin Zongo cikin adonsa ya daidaita tafiyarsa da ƙaramar salla ko babba.

Akwai kuma wata al'ada da ya kamata baƙo ya sani. Kafin bikin Homowo na ƙabilar Ga, masu ƙasar, sarakunansu kan hana kiɗa da hayaniya na kusan wata guda, galibi tsakanin Mayu da Yuni. Ana ɗaukar dokar da muhimmanci ƙwarai. Idan biki ne ya kai ka, a tambayi mutanen gari kafin a kafa lasifika.

Kayan sawa: auduga marar nauyi, kala uku ko huɗu, takalmin da ruwa ba ya lalatawa, da ƙaramar lema. Babbar riga mai sitati a bar ta sai Juma'a. Mata su zaɓi hijabi mai shara-shara marar kauri. Gidan sauro da maganin shafawa kada a manta da su.

Mataki na huɗu: hanya

Ta sama, daga Legas zuwa Akra kamar awa ɗaya ne, akwai kuma jiragen da ke tashi daga Abuja. Ta ƙasa kuwa yini guda ne cur: Legas zuwa Seme, a ratsa Kwatano, a shiga Togo ta Hilakondji, a wuce Lome, a shiga Gana ta Aflao, sannan a yi kamar awa uku zuwa huɗu kafin Akra. Iyaka uku ke nan, kowace da layinta. Wanda bai taɓa bi ba ya shiga babbar motar kamfani mai zuwa kai tsaye, domin ma'aikatansu sun san kan takardu. Yankan hanya da ƙananan motoci ya fi arha, amma na gwanaye ne.

Da ka shiga Togo ka mayar da agogonka baya da awa ɗaya. Gana ma haka take, tana bayan Najeriya da Nijar da awa guda. Kuma da yake ƙasar tana kusa da tsakiyar duniya, rana tana faɗuwa wajen ƙarfe shida duk shekara, duhu kuma yana rufawa da sauri. Mai jinkirta la'asar ya kiyaye.

Mataki na biyar: kuɗi da waya

Kuɗinsu sidi ne, ƙaraminsa fesuwa, ɗari ke yin sidi ɗaya. Kada ka dogara da katin bankin naira. Ka riƙo dala sababbi marasa yagewa, ka canza kaɗan a filin jirgi don kuɗin mota, sauran ka kai shagon canji mai lasisi, ka karɓi rasit. A 2007 aka cire wa sidi sifili huɗu, tsohon sidi 10,000 ya koma sabon sidi ɗaya, kuma har yanzu za ka iya cin karo da tsohuwar da ke lissafi da tsohon kuɗi. Idan aka faɗa maka farashin da ya razana ka, ka sake tambaya.

Layin waya ka yanka shi a ofishin kamfani da fasfonka, MTN ko Telecel ko AT, kada ka sayi wanda aka yi wa rajista da sunan wani. Ka nemi su buɗe maka asusun kuɗin waya, wanda kowa ke kira MoMo. Daga mai shago har direban tasi duk suna karɓa. Lambar sirrinka ta tsaya a kanka. Duk wanda ya kira ya ce ya turo maka kuɗi bisa kuskure ka mayar masa, ka duba asusunka da kanka kafin ka taɓa komai, domin tsohuwar damfara ce. Lambar neman agajin gaggawa 112 ce.

Mataki na shida: shiga Madina

Daga filin jirgi tafiyar ba ta kai kilomita 15 ba. Idan hanya a sake take, rabin awa ya isa. Idan ka faɗa cunkoson yamma, lokacin da ma'aikata ke komawa Adenta da Oyarifa, sai ka ninka sau uku. Ranar farko, da kaya a hannu, ka kira mota ta manhajar Bolt ko Uber ko Yango. Idan tasin titi ce, a gama ciniki kafin ka shiga, don ba su da mita.

Ka haddace jerin wuraren nan, su ne alamominka: gadar Tetteh Quarshie inda kantin Accra Mall yake, Shiashie, Okponglo, ƙofar jami'ar Legon, Atomic Junction, sannan Zongo Junction, wanda shi ne zuciyar garin. Bayansa akwai Ritz Junction, sai Adenta. A Gana ba a cika kwatance da sunan titi ba, da mahaɗa ake yi, da gidan mai, da coci, da masallaci.

Daga rana ta biyu sai ka koma trotro, ƙaramar bas ɗin da talaka da ma'aikaci ke hawa. Yaron motar ana ce masa "mate", shi ke leƙo da kai yana kiran Madina, Madina, ko Circle, ko 37, ko Tema Station. Ka shiga ka zauna, ba a biya sai ya nema, ka miƙa da hannun dama, ka riƙe canji ƙanana. Idan ka kusa sauka ka faɗa masa sunan wurin tun da wuri. A tasha kuwa layi ake bi, kuma da gaske ake bi. Wanda ya kutsa gaba zai sha magana daga tsofaffi mata.

Abu ɗaya nake roƙon ka da shi: babban titin da ya ratsa Madina zuwa Adenta, kada ka tsallaka shi ta ƙasa. An yi shekaru gadojin masu tafiya a ƙafa suna tsaye ba a ƙarasa ba, motoci suna ta kaɗe mutane, har sai da jama'a suka fito zanga-zanga a Nuwambar 2018 bayan mutuwar wata ɗaliba, sannan aka kammala su. Da jini aka sami gadojin nan. Ko da ka ga 'yan gari suna ratsawa, kai ka hau.

Mataki na bakwai: gaisuwa da harshe

Washegarin saukarka, aikin farko shi ne ka je ka gaida mai masaukinka a gidansa, ka miƙa tsaraba, ka gaida iyali. Idan za ka daɗe ko kana da wata hulɗa mai nauyi, ka roƙe shi ya kai ka ka gaida limamin unguwa da sarkin jama'arku, domin a Zongo kowace al'umma tana da nata: Hausawa, Dagomba, Kotokoli, Zabarmawa, Mosi, Fulani, Yarabawa. Wannan gaisuwar ba ɓata lokaci ba ce. Ita ce ke sa a ce "baƙon Alhaji ne" a duk inda ka shiga.

A nan za ka ga wani abu da ke faranta mini rai kullum. Waɗannan ƙabilu duka da Hausa suke magana da juna. Yaron da uwarsa Badagomba ce, ubansa Bakotokole, da Hausa ya buɗe baki. Hausarsu tana da nata salo. Da yawa ba sa bambanta "ya zo" da "ta zo", ƙ da ɗ da ɓ sun yi laushi a bakinsu, suna kuma sirka kalmomin Ingilishi da na Twi, harshen da ya fi yaɗuwa a kudancin Gana. Birnin Akra ma tsofaffi "Ankara" suke ce masa. Kada ka yi dariya, kada ka gyara wa kowa magana. Harshen ya yi tafiyar ɗaruruwan shekaru kafin ya kai nan, kuma su suka riƙe shi da rai a bakin teku. Ka rage saurin bakinka, ka bar karin magana masu zurfi, za ku fahimci juna sarai.

Idan ka fita daga Zongo kuwa, Twi ne ya fi yawa, sai Ga da Ewe da Ingilishi. A Twi, "Maakye" ina kwana ke nan, "medaase" na gode, "akwaaba" sannu da zuwa. Mutanen Gana suna son magana a hankali da yawan neman afuwa. Ɗaga murya a wurinsu rashin tarbiyya ne ko da kai ke da gaskiya. Ka tuna kuma tsakaninmu akwai tsohon tabo: korar baƙi da gwamnatin Busia ta yi a 1969, da korar 'yan Gana daga Najeriya a 1983. Ba batun da baƙo zai tsokano a cikin mota ba ne.

Mataki na takwas: abinci

Nan kam za ka ji kamar ba ka bar gida ba, domin rabin abincin titin Akra daga tukunyar Zongo ya fito. Da asuba akwai koko mai citta da kanumfari da barkono, wanda duk ƙasar ke kira Hausa koko, da ƙosai. Da hantsi sai waakye, wato shinkafa da wake da aka dafa da karan dafi har suka yi ja, a zuba a ganye, a sa taliya da garin rogo da dafaffen ƙwai da ganda da nama ko kifi, a ɗora shito, wannan baƙin yaji da ake soyawa da busasshen kifi da jatan lande. Wurin Hajiyar da ka ga layi ya fi tsawo, nan za ka tsaya, kuma ka je da wuri don mai kyau ba ya kai azahar. Shito kuwa ka fara da kaɗan.

Da rana akwai tuwon zafi da miyar ayoyo, da dare tsire, wanda suke kira cincinga. Fura tana nan, zoɓo sunansa sobolo, akwai kuma burkina, gero da nono mai sanyi. Kada ka tsaya a abin da ka sani kawai. Ka ɗanɗani banku, tuwon ƙullun masara da rogo, da gasasshen karfasa, da kenkey, tuwon ƙullun masara da ake dafawa a ganye, da soyayyen kifi, da kelewele, ayabar suya mai yaji da ake sayarwa bayan magariba.

Inda za ka yi hattara shi ne gidajen abincin da ba na Musulmi ba. Ana dafa alade da naman daji a wurare da yawa, wani lokaci a miya ɗaya da sauran nama. Ka tambaya kai tsaye, ba sa jin haushi. Idan ka yi shakka, kifi gasasshe ya wadatar. Ruwa kuma na leda ko na gora.

Mataki na tara: kasuwa

Kasuwar Madina kullum tana ci, amma Laraba da Asabar ne take batsewa, lokacin da kayan gona ke saukowa daga ƙauyuka: doya, ayaba, rogo, abarba, manja, tumatir, kifi mai hayaƙi. Ka je da safe, jakarka a gaba, wayarka a ciki. Ana ciniki, amma ba irin namu na raba farashi biyu da tashi a tafi ba. Ka taya cikin ladabi, idan an daidaita ka nemi gyara. Atamfa da yadin kente da man kaɗe da cakulan ɗin Gana duk tsaraba ce mai kyau. Kente na saƙar hannu ya fi na bugun inji nauyi da tsada nesa ba kusa ba, don haka ka tafi da wanda ya san shi.

Za ka ga 'yan mata da manyan kwanoni suna ɗaukar wa mutane kaya. Kayayei ake ce musu, rabin sunan ma kalmarmu ce ta kaya. Yawancinsu daga arewacin Gana suka zo, wasu da goyo a baya, kuma rayuwarsu akwai wuya. Idan ka ɗauki ɗaya, ku yi magana kan lada tun farko, kada ka lafta mata abin da ya fi ƙarfinta, ka kuma ƙara mata a kan abin da kuka shirya.

Ɗan kasuwa ya san wannan: dokar zuba jari ta Gana ta 2013 ta keɓe sayar da kaya ɗai-ɗai a kasuwa ga 'yan ƙasa, kuma an sha rufe shagunan baƙi a kanta. Saye ka kai gida ba laifi. Kafa tebur kuwa sai da shawarar lauya da ta mai masaukinka.

Mataki na goma: Juma'a a Kanda, Asabar a Aburi

Masallatai sun wadata a Madina, ba za ka yi tafiyar minti biyar a Zongo ba ka ga ɗaya ba. Amma ka ware Juma'a guda ka je Babban Masallacin Ƙasa da ke Kanda, kusa da Nima, wanda aka gina da taimakon Turkiyya a kan fasalin masallatan Istanbul, aka buɗe shi a 2021. Ka fita tun ƙarfe sha ɗaya saboda cunkoso. Bayan salla ka ratsa kasuwar Nima, inda kayan yaji da hatsi suke kamar ka shiga Kurmi.

Asabar kuma ka yi sammako zuwa tashar Madina ka hau motar Aburi. Za ku wuce Adenta da Pantang da Oyarifa, a Ayi Mensah hanya ta fara hawa dutse. Ka nemi kujerar taga. A nan za ka ga ɗaruruwan mutane suna hawa a ƙafa don motsa jiki, birnin Akra kuma yana shimfiɗe a ƙasa har bakin teku. Za ku wuce Peduase, gidan hutun shugaban ƙasa da aka gina zamanin Nkrumah. Ɗan Najeriya ya san sunan Aburi ko bai taɓa zuwa ba, domin a nan Gowon da Ojukwu suka zauna a ranakun 4 da 5 ga Janairun 1967, bisa gayyatar Janar Ankrah, shugaban Gana na lokacin, suna neman hanyar kauce wa yaƙin da ya ɓarke bayan wata shida.

Lambun Aburi an buɗe shi a 1890. Layin dogayen itatuwa masu kama da kwakwa ne ke tarbarka daga ƙofa, a ciki akwai tsohon rimi da itatuwan kayan ƙamshi irin su kirfa, wadda za ka murza ganyenta ka sansana. Iskar wurin sanyi gare ta, mutum ya kan manta da gumin Madina. Ka ɗauki mai zagayawa da kai, ka riƙo abincinka da dardumar salla. Idan da sauran lokaci, Mampong tana gaba kaɗan, inda gonar Tetteh Quarshie take, mutumin da ya kawo irin koko, wanda ake yin cakulan da shi, daga tsibirin Fernando Po a 1879. Ka fara saukowa kafin ƙarfe biyar, domin hanyar dutsen tana da lanƙwasa, hazo kuma yakan sauko da yamma.

Daren da za ka tashi, ka koma wurin mai masaukinka ka yi sallama, ka sa wa yaran gida wani abu a hannu, ka tambaya ko akwai saƙon da za ka kai gida. Idan jirgin safe ne, ka bar Madina kafin ƙarfe shida, tun motocin Adenta ba su cika titi ba. Da ka isa gida kuma ka kira shi ka ce ka sauka lafiya.